Muryar Garikai a Bakin Na'ura

Chitungwiza, Zimbabwe

Zuwa ga Gwaggo Shuvai,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi a aikin asibitin nan na Leeds. Mu ma nan da sauƙi. Ƙafar Mama ta lafa, har ta koma coci, masara kuma ta yi kyau a can gida Gutu.

Gwaggo, zuciyata a karye take, kuma in ba ke ba, ban san wanda zan kai wa kuka ba. Kin san shirin katun ɗin da mijina, ƙanenki Garikai, yake yi wa murya, inda yake fitowa a matsayin tsohon matuƙin kumbo mai gardama da na'urar jirginsa kullum, ita ta ce lissafi, shi ya ce a tambayi mutane tukuna. Bayan rasuwarsa masu shirin sun zo, wai sun koya wa kwamfuta muryarsa, za ta ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ko kallona ba su yi ba. Ɗan'uwanku Yaya Tichaona suka samu, tunda shi ne mai magana da yawun gida har ranar da za a yi bikin dawo da ruhun mamaci. Ya amince nan take, yana cewa ai sunan gida ne zai ɗore. Da na yi magana ya ce haba amarya, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba kin fara yanke hukunci?

Ran Asabar aka saka sabon kashi. Ina tuƙa tuwon sadza na ji mijina a talabijin yana faɗin maganar da bai taɓa faɗa ba, wai na'ura ba ta san ciwon zuciya ba. Muciya ta faɗi daga hannuna. 'Yarmu Chiedza ta ruga falo, ta durƙusa gaban talabijin, ta tafa hannu ta gaishe shi yadda muka koya mata gaida manya. Ta jira amsa. Na zaunar da ita na ce ba Baba ba ne, inji ne. Ta ce ƙarya nake, wa ya fi ta sanin muryar ubanta? Yarinya 'yar shekara shida, Gwaggo! Tun ranar ba ta cin abinci sosai, ta ce laifi ta yi masa shi ya sa ya yi shiru. Ni da ke jinyar zuciyarta, tawa ta fi tata ciwo.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ke ce gwaggon gida, maganarki Yaya Tichaona ba ya tsallakewa. Don Allah ki kira shi kafin Asabar mai zuwa, a bar Garikai ya huta.

Ki gaida Baban Farai da Farai da Ruvimbo. Mama tana sa muku albarka. Chiedza ma tana gaishe ki, ta ce tunda ke yayarsa ce zai ji maganarki, ki roƙar mata Baba ya daina fushi, yana magana da kowa a cikin jirgin ban da ita.

Taki, matar ƙanenki,
Nyaradzo