Man Baba a Ƙarƙashin Madubi

Litinin, 3 ga Maris
Gilasan gwajina sun dawo daga ɗakin rini na jami'a. Abin da ke kansu naman gefen raunin dawaki ne, an yanka siriri kamar ɓawon albasa. Rabi na dawakin da aka shafa wa man rauni na Baba, rabi na waɗanda aka wanke da ruwan gishiri kawai. Aikin a baki ba wuya: in ɗauki hoto ta madubin ƙara girman abu, manhaja ta ƙirga ƙwayoyin da suka kama rini ruwan ƙasa. Su ne alamar kumburi, yawansu na nufin rauni bai kwanta ba. Ni na nace wa Farfesa a gwada man nan. Tun ina goye Baba ke haɗa shi, duk bargar da ya yi aiki an san gwangwaninsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Manhajar ba ta san ruwan ƙasa ba sai an nuna mata. Akwai ɗan ma'aunin da ake ja: rinin da ya kai wannan duhun a ƙirga, wanda bai kai ba a bari. Na saita shi a kan gilasan ruwan gishiri. Da na zo kan na Baba, allo ya cika maƙil da ɗigo, har ya fi na gishirin. Na ce wa kaina hasken hoton ne. Na ɗan ja ma'aunin, ɗigo suka ragu. Na ƙara ja.

Asabar, 8 ga Maris
Baba ya kira. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba, wai me kwamfuta ta ce. Na ce ana kan aiki. Ina jin sa yana gaya wa wani a gefe cewa 'yarsa ta kai mansa jami'a.

Talata, 11 ga Maris
Farfesa ya ga sakamakon, ya yaba, har yana cewa a fara ba masu barga shawarar amfani da man. Dawakin mutane fa. Na ce na gode, ban iya kallon idonsa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Anti Tsafta, mai teburin gefena, wadda ke goge biro kafin ta ara maka, ta leƙo allona. Ta tambayi inda na tsayar da ma'auni, na faɗa.
"Duka ɓangarorin biyu, na gishiri da na man?"
Sai na kama lalubar waya a jaka, wayar da ba ta yi ƙara ba. Da na dawo daga cin abinci na tarar da baƙin tef a teburina, wanda ake rufe sunan gilashi da shi don mai ƙirga kada ya san na wane ne. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 14 ga Maris
Tef ɗin na nan. Na ɗora masa kofi.

Litinin, 17 ga Maris
Na miƙa wa Anti Tsafta gilasan. Ta rufe sunaye, ta cakuɗa su, na ƙirga duka da ma'auni ɗaya. Da muka ɓare tef: man Baba ƙara kumburi yake, musamman a raunin ƙafa. Na kai wa Farfesa sabon sakamako. Ya daɗe yana kallon takardar, ya cire tabarau ya ce in zauna. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba, na dai cancanta.

Lahadi, 23 ga Maris
Na je barga. Na tarar da Baba a durƙushe gaban wata goɗiya da wayar shinge ta yanka a ƙafa, gwangwani a buɗe. Na gaya masa sakamakon a tsaye, idona a kan kofaton goɗiyar. Ya ɗago ya dube ni.
"Ranar da na kira ki, kwamfutar ta riga ta faɗa?"
"Ta faɗa, Baba."
Ya rufe gwangwanin, ya ce in ɗebo gishiri a sito. Na riƙe masa ƙafar, ya wanke. Hannunsa ya nufi gwangwanin, ya dawo da shi kan gwiwa. Mai bargar ya wuce, Baba bai tsayar da shi ya nuna masa ni ba kamar yadda ya saba.
A hanya na sayi baƙin tef. Na Anti ya kusa ƙarewa, shi ke nan dalili.