Jan Zaren Kawu Sodangi

Litinin, 26 Fabrairu 2024

Kawu Sodangi ya taso daga Kurfi da tsohuwar kwamfutar masallaci a bayan babur, an naɗe ta da bargo kamar mai zazzaɓi. Faifan ajiyarta ya fara ƙara, ƙat-ƙat. A cikinsa akwai tafsirin marigayi Kaka na shekara tara, kuma so suke a riƙa sakawa a lasifika da azumi. Aikin kwana ɗaya ne: in sa sabon faifai, in kwashe komai. Amma mutumin da bai san inda ake kunna ta ba shi ke ce min, "Zubairu, a bi a hankali." Shekara shida ina gyara a Dutsin-Ma!

Laraba, 28 Fabrairu

Ya dawo wai ya ga aiki. Da na buɗe akwatin ya ga faifan biyu iri ɗaya ne, sai ya zaro jan zare daga aljihu ya ɗaura wa tsohon, yadda suke yi wa akuya a kasuwa. Masu shagon gefe suna ta leƙe, kunya kamar in nutse. Yana fita na tsinke abin na jefar. Ƙauyanci ba ya jin magani.

Alhamis, 29 Fabrairu

Na ɗaure faifan biyu da sukundireba, na jona wayoyi. Allo ya nuna faifai biyu, girma ɗaya. Na zaɓi na biyu na goge shi don ya karɓi kaya.

Tsohon ne.

Juma'a, 1 Maris

Duk dabarar da na sani na gwada. Faifan ma ya daina juyawa. Ban ci abinci ba.

Lahadi, 3 Maris

Na je Kurfi na faɗa masa. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Manomi ba ya zuba irinsa a rumbu ɗaya." Ashe duk bayan salla yakan sa a kwafa wa Inna Batula a memori, ya kai mata garin Dabawa. Na tuna har dariya na taɓa yi masa a kan wannan.

Tafsirin shekara takwas na nan a wajenta. Ta tara babu, rasuwar Kaka ta sa bai samu ya kai ba. A cikinta ne Kaka ya rufe da addu'a yana kiran jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce sunana ne na uku. Ban halarta ba a lokacin, ina shago.

Asabar, 9 Maris

Na kwafo na shekara takwas daga wajen Inna, na mayar da kwamfutar, tana aiki lafiya. Na ƙara faifai na biyu a ciki, na kuma bar kwafi a wajen Inna.

Yau wani malamin makaranta ya kawo tasa. Kafin in taɓa komai na ɗaura wa tsohon faifansa zare. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce ƙa'idar aiki ce.