Ban Binne Madugu Ba

Zuwa ga Haruna ɗan kawuna, Madugun ayarinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya a duk inda kake. A gurub ɗinmu na waya na sa ta, inda kowa zai gani, don ban san wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ka tuna ranar da ka buɗe wasan nan? Ka ce mu zama ayarin mahajjata irin na kakanninmu, mu taso daga Sakkwato a ƙasa, kowa ya ɗauki mutum guda ya riƙa rubuta abin da ya same shi a hanya. Mu ashirin da uku ne. Kai Madugu, Zainabu mai tuwon ayari, ni kuwa kuka ce ni ne jaki. Na karɓa, kuma sau biyu na kayar da kai kafin mu kai Borno.

Ba a yi wata biyu ba mutane suka fara sanyi. Wannan ya ce ban ruwa yake a hawasha, wato gonarsa, wancan ya ce shabakar waya ba ta kamawa, wani ya yi aure ya manta da mu. Sai na kafa doka: duk wanda ya kwana bakwai bai rubuta ba, mutuminsa ya mutu, ni zan binne shi. Ka ce, "Ya zol, mutumina, wata rana bakin nan naka zai ja maka."

Dokar ta yi aiki kuwa. Na shaƙe Sale da lomar gurasar kisira. Na miƙa wa kada Malam Isa a Chadi, ya dawo a guje yana rantsuwa ƙafa ɗaya kawai aka cinye. Kowa na tsoron ta'aziyyata, kowa na rubutu.

Sai yaƙin ƙasar nan, na gaske ba na wasa ba, ya iso yankin Jazira, ka tafi garin Rufa'a ɗauko Inna. Saƙonka na ƙarshe shi ne, "Ku yada zango bakin kogi, ina zuwa." Tun daga ranar, duk abin da na aika maka alama ɗaya yake nunawa, ba ya isa.

Yanzu mu huɗu muka rage. Na rubuta jaki ya cinye tabarmar liman, kwana uku ba wanda ya tanka. Ina zama kan gaɓar kogi nan garinmu Abu Hujar, inda shabaka ke kamawa, ina ba da dariya ni kaɗai.

Jiya Sale, wanda har yau bai yafe min kisirar nan ba, ya ce doka doka ce: a binne Madugu a naɗa wani, in ba haka ba ayari ba zai motsa ba, sauran ma su watse. Gaskiya ya faɗa.

Na gwada, Haruna. Na shirya maka mutuwa mai kyau, guga ya ja ka cikin rijiya. Da na kai kan "Allah ya jiƙan", sai yatsana ya tsaya. Sau nawa na rubuta kalmar nan ina dariya, don na san mamacin na karantawa yana zagina? Wannan karon ban san ko wasa nake ba. Na goge.

To ku ji, ku ukun da kuke leƙe: na soke dokar. Ayari na nan bakin kogi. Kakanninmu ma a nan suka ce za su ɗan huta, ga mu har yau. Wanda ya gaji ya tafi, ba na ƙara binne kowa. Jaki zai riƙa kuka kowace safiya don kada zangon ya yi shiru.

Kai kuma, ɗan kawu, ko ɗigo ɗaya ka aiko. Ko zagi ne, ina so.

Allah ya tsare ka kai da Inna, ya saukar da ku inda akwai ruwa da inuwa. Allah ya mayar da alamar nan biyu. Amin.

Naka taubashi,
Buba, jakin ayari.