Abin da motar kafil ta fara saukewa

Zuwa ga Yaya Sahadatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ni nan Doha lafiya lau, sai dai sanyin bana ya shigo da ƙarfinsa, kafil kuwa, wato maigidan da nake wa aiki, ba ya iya zaman gari a irin wannan lokaci, duk ƙarshen mako muna cikin rairayi a bakin teku.

Na taɓa ba ki labarin motar da nake kula da ita, mai gida a cikinta, da gado da kicin da banɗaki, wadda suke kira karafan. To ranar Asabar da safe na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. An idar da sallar asuba, kowa ya tashi da buƙatarsa. Ana ɗumama ruwan wanka, hitar ɗaki na aiki, matar kafil ta jona butar shayi, 'yarta kuma ta kunna abin busar da gashi. Sai na ji ƙas daga ƙarƙashin kujera, hitar ruwa ta mutu. Jim kaɗan wani ƙas, butar ma ta yi shiru. Matar ta leƙo tana faɗa wai motar ta lalace, in yi maza in duba janareto. Na duba, yana ta aikinsa. A kan gadon baya kuwa mahaifiyar kafil, tsohuwar da ba ta rabuwa da injin taimakon numfashi, barcinta take, injin bai ko yi tari ba.

Rufus, wani ɗan Kafanchan da ya haɗa wayoyin motar, yana tare da mu, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wutar janareto tana da iyaka, kuma akwai wata 'yar na'ura da ke auna abin da kowane kaya yake ja. In ta ga lodi ya kusa fin ƙarfin wutar, ba ta jira komai ya ɗauke gaba ɗaya. Sai ta cire ɗaya, in bai isa ba ta ƙara cire wani, bisa jerin da aka tsara mata. Ruwan wanka ne farko, don ruwa yana riƙe zafinsa. Injin tsohuwa da firijin magungunanta kuwa an sa su a layin da ba ta taɓawa. Ina kallo yarinyar ta gama da gashinta, na'urar ta ɗan dakata, ta mayar da buta, can ta mayar da hitar ruwa. Shayi ya makara, shi ke nan asarar da aka yi.

Yaya, ƙawarki Rukayatu ta gaya mini kin yanke jiki kin faɗi a gaban kaskon waina. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ke ce ɗaga Baba da kwantar da shi, ke ce suya tun duhu, ke ce ɗinki, ga yara, ga juna biyun da watansa ya matso. Kin saba duk abin da aka jona miki sai ki karɓa, tun muna ƙanana haka kike, ba ki iya cewa a'a ba. Amma rai dangin goro ne, hutu yake so. In kika kwanta, gidan nan kaf ya kwanta. Ina roƙon ki don Allah ki ajiye ɗinki tukuna, wainar ma ƙanwarmu Mufeeda ta ce za ta karɓa, masu saye ba za su gudu ba.

Ni ma na sauke nawa. Kin san kafil zai kai tsohuwarsa Umara a motar nan cikin azumi, kuma ya ce da ni za a je. Kin san yadda na ƙwallafa rai a kan ganin Ka'aba, har harami na saya a kasuwar Asian Town. Na same shi na ce ya musanya mini tafiyar da hutu, in zo gida in karɓi jinyar Baba har ki sauka lafiya ki yi arba'in. Ya tambaye ni ko na san abin da nake bari. Tsohuwar ce ta amsa masa, ta ce ya bar yaro ya je wajen ubansa, Ɗakin Allah na nan ba ya tashi, ita za ta yi mana addu'a a can, har ta sa na maimaita mata sunanki sai da ta iya faɗa. Kafil ya ce khalas, wato shi ke nan, ya yarda.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce ya shirya, aski da yankan farce sun dawo hannuna. Ki gai da maigidanki, da Inna ta Gumel, da Shamsudeen da Mufeeda, da Rukayatu. Na san halinki, za ki ce lallashin ki nake don ki huta. To ba a ɓoye aka yi maganar hutun ba, a gaban Rufus aka yi ta, Osman direba ma yana tsaye, lambarsa na wajen Shamsudeen in kina son ji daga bakinsa.

Ƙaninki,
Mas'udu