Babin Da Aka Tsallake Wa 'Yata

Zuwa ga Shugabar makarantar 'yan mata ta kwana da 'yata ke karatu, a masarautar Daura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Hajiya, tare da malamai da yaran da aka ba ki amanarsu. Ban ambaci sunan makarantar ba, nawa ma ban sa ba, domin yarinyar tana hannunki har yanzu. Ta karanta takardar nan, ta kuma yarda a buga.

Ranki ya daɗe, 'yata ta haura shekara goma sha shida ba ta fara al'ada ba, kuma ba wanda ya sani, har ni da na haife ta. Tun tana aji uku ta ce min ta fara, ni kuwa na riƙa sa mata audugar mata cikin kayan komawa makaranta. Ashe raba wa ƙawayenta take yi. Kin san tsarinku: in an kira salla ana kora kowa masallaci, masu fashin salla su zauna gefe. 'Yan ajinsu duk sun koma zama gefen nan, ana tsokanar wadda ba ta fara ba da sunan ƙwaila. Sai ita ma ta zaɓi wasu kwanaki a kowane wata tana zama da su. In ɗaki ya watse, ta ɓuya tsakanin gadaje ta rama sallolin da sauri.

A hutun azumi na gane. Ta ce min ba ta azumi, na zuba mata abinci. Da la'asar na shiga ɗaki neman zare, na same ta a sujada, kwanon yana gefe a rufe. Da ta sallame ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, “Mama, ni ina jin ba mace ba ce. Kuma ina tsoron Allah ya kama ni da ƙaryar nan.”

Muka hau mota zuwa asibiti a Katsina, aka auna jininta. Likitar ta zana mana a bayan takarda: a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita ke aika saƙo ta cikin jini zuwa gidan ƙwai, ƙwai ya nuna, mahaifa ta yi shimfiɗa, in ciki bai shiga ba shimfiɗar ta zube. Jinin al'ada ke nan. Saƙonnin su ake kira homon. Matsalar 'yata a wuya take, a tsokar nan da in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo. Tata ba ta kumbura sosai ba, homon ɗinta ne ya yi ƙaranci, sai komai na jikin ya yi nawa. Maganin ƙwaya ce guda kullum da safe. Likitar ta ce yarinyar da ta kai sha biyar ba ta ga jini ba ya kamata a duba ta, kuma da an zo da wuri, wataƙila da tsayinta ya fi haka.

Ga abin da nake kuka da shi.

Na ɗaya, bayanin nan yana cikin littafin kimiyyar halittu da na saya mata. Da aka iso babin, malamin ya ce su karanta da kansu, wai ba kasafai yake fitowa a jarrabawa ba. Na fahimci nauyin da namiji zai ji gaban 'yan mata, ban kuma ɗauke shi mugu ba. Amma yaran nan sun san hukuncin haila dalla-dalla tun daga Islamiyya, kwanakinta da wankanta, malamai maza suka koya musu ba a ji kunya ba. Me ya sa sai a ajin da za a faɗa musu inda jinin yake fitowa, da lokacin da rashinsa ya zama ciwo, za a yi shiru?

Na biyu, 'yata ta taɓa gwada uwar ɗakin kwanansu, ta ce wai wata ƙawarta ce ba ta fara ba. Amsar da ta samu: “Ki ce mata ta gode Allah, hutu ta samu.”

Na uku, an sha sa ta sharar fili saboda gyangyaɗi a aji, ana ce mata raguwa. Takan sa rigar sanyi ana tsakiyar zafi, ana dariya. Duk alamun ciwon ne.

Alhamdu lillahi, ana shan magani. Watan da ya wuce ta same ni a madafa, ta tsaya tana murza bakin hijabi, ta ce, “Mama, ya zo fa. To yanzu ya ake yi?” Yarinyar da ta yi shekara da shekaru tana nuna ta iya, ranar na fara koya mata. Muka yi dariya, sannan na juya ga tukunya don kada ta ga idona.

Roƙona ba na a hukunta kowa ba ne. Ki sa a koyar da babin nan, in malamin ba zai iya ba, ki gayyato malamar jinya mace ta tsaya gaban ajin. A sanar da iyayen ɗakunan kwana shekarun da ya kamata su kira iyayen yarinya. A kuma daina tsare masu fashin salla a idon jama'a, yadda kowa ke ƙirga wa kowa.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya ba ki ladan riƙon 'ya'yan mutane, ya sa ki gama da su lafiya. Ranar dawowa daga hutu tana cikin waɗanda za su shigo ƙofarki da akwati a ka. Ba zan nuna miki ita ba. Ki dube su duka kamar kowace ita ce.

Wassalam.

Mahaifiyar wata ɗalibarki,
Daura.