Lesitin, Ba Lasisi Ba

Zuwa ga aminina Alhaji Buba Direba, unguwar Nassarawo, Mubi.

Gaisuwa irin ta manya, tare da tambayar jiki da iyali da gajiyar zama. Bayan haka, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko lokacin da hankalinka ke cikakke ba ka damu da karatu ba. Ka sha cewa takarda aikin malaman makaranta ne irina, waɗanda ba su iya canza taya ba. To na rubuta dai, waɗanda suka san mu sa karanta a madadinka.

Daga gidana zuwa naka tafiyar ƙafa ce, kuma kullum da hantsi ina zaune kusa da kai a kan bencin ƙofar gida. Amma ka yi nisa. Mantuwa ta fara ɗibar ka kaɗan-kaɗan, ta ɗauki makullin mota, ta ɗauki sunayen jikoki, sannan hanyar masallaci. Ni ta bari sai ƙarshe, na kuwa gode da wannan girmamawa.

Ranar da aka tsince ka a tasha kana neman motar da ka sayar tun da daɗewa, 'yarka Dija ta kira daga Abuja. Ta ce Hajiya matarka ta tsufa, gwiwa ba ta barin ta bin ka, gara a mayar da kai wurinta kusa da manyan likitoci. Hajiya ta roƙi a jinkirta. Aka daidaita a kan wata robar ƙwayoyi da Dija ta ga ana yabo a waya, wai tana gyara ƙwaƙwalwa. Idan robar ta ƙare an ga sauƙi, ka zauna a Mubi. Idan ba a gani ba, mota ta zo. Ni aka naɗa alƙali, don an ce ba na ƙarya. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son muƙamin.

Ƙwayoyin dogaye ne masu santsi, launin zuma. A jikin robar an rubuta lesitin, a ƙasa kuma wata kalma, fosfatidilkolin, wadda duk shekarun da na yi ina koyarwa ban haɗu da mai tsawonta ba.

Hajiya ta ba ka, ka kau da kai. Ni da na miƙa na ce ga lesitin, sai ka miƙe tsaye kana lalube aljihu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, lasisin yana cikin mota, wallahi bai mutu ba." Ashe a kunnenka lasisin tuƙi nake tambaya, ni kuma jami'i ne a shingen hanyar Belel. Na ce haɗiye wannan ka wuce. Ka haɗiye, ka yi godiya, har ka yi mini alkawarin goro a dawowa. Haka muka ci gaba kowace safiya. Kai da ka yi rayuwarka kana zagin masu tare hanya, ga shi ba ka jin maganar kowa sai tasu.

Da yake alƙali ba ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, na ɗauki robar na kai wa wata likita, tsohuwar ɗalibata. Ta ce ba magani ba ne, ƙarin abinci ne. Wani irin maiƙo ne da ake tatsa daga waken suya, yana nan kuma cikin gwaiduwar ƙwai da hanta. Doguwar kalmar nan sunan babban sinadarin da ke cikinsa ne, jiki na amfani da shi wajen gina ƙwayoyin halitta da aika saƙo ta jijiyoyi. Shi ya sa aka yi zaton zai taimaki masu mantuwa. An gwada, ba a ga ya dawo da abin da ya tafi ba. Ta ce yawanci ba ya cutarwa, sai dai idan an yawaita yakan saki ciki, kuma kada a bar ganin likita saboda shi.

A hanyar dawowa na wuce masu suyar awara ina kallon su da sabon mutunci. Na kuma tuna iyayenmu a Mayo Bani, yadda suke hana mu ƙwai wai kada mu tashi ɓarayi. Ba mu zama ɓarayi ba. Sai dai ga shi da furfura ana aiko mana gwaiduwa daga Abuja a cikin roba.

Robar ta kusa ƙarewa sai wata safiya ka dube ni sosai, ba irin kallon da ake yi wa jami'i ba. Ka ce, "Tizhe, ka tsufa fa." Hajiya na bakin ƙofa, ta ji. Ta fara hamdala tana cewa maganin ya kama. Ba ta tsaya jin sauran ba, ni na ji. Tambayata ka yi ko Inna ta dawo daga gona, don ta yi mana alkawarin tatsuniya idan mun ɗebo ruwa a mayo, wato rafin garinmu. Uwar tawa kake nufi, wadda kai da kanka ka ɗauko gawarta a motarka. Na ce ba ta dawo ba tukuna. Ka ce mu jira ta. Muka jira. Kashegari ka koma lalube aljihu.

Alhaji, labarin nan rabi biyu ne, kuma rabin farko kaɗai ya isa ya bar mini kai a kan benci. Na yi kwanaki ina juya shi. Wanda ya tashi da tatsuniya ya san inda ake tsayar da labari ya yi daɗi, kuma Dija za ta yarda, don tana son yarda.

Da ta kira ta ce, "Bappa, ya gane ka?" Na ce ya gane ni sau ɗaya, a matsayin yaron da ke ɗebo ruwa. Na faɗa mata abin da likita ta ce, na faɗa mata ka sake fita neman tasha har sau biyu, kuma Hajiya ta faɗi tana bin ka, abin da aka ɓoye mata. Sai Dija ta ce za ta zo ranar Asabar. Hajiya ba ta amsa gaisuwata tun daga ranar. Tana da gaskiyarta.

Na bar wa Dija saƙo kaɗan. A ba ka ƙwai da safe, a zaunar da kai inda motoci ke wucewa, don har yanzu kana gane injin da ba shi da lafiya ta ƙararsa. Idan ka tambayi wanda ya mutu, a ce bai dawo ba tukuna. Kada a riƙa yi maka jarrabawar sunaye.

Buba, ɗan'uwana, kada ka wahalar da kanka a can kana neman wanda ka bari a Mubi. Abin da ya zube maka ni na tsince, zan riƙe mana iya ƙarfina.

Kai a masallaci, ni a coci, mun daɗe muna kai ƙarar juna wuri ɗaya. Allah ya kai ka lafiya, ya ba Dija haƙuri da kai, ya sanyaya zuciyar Hajiya a kaina. Idan kuma ya ga dama ya ara maka sunana wata safiya a can, ya sa akwai wanda zai ji ya faɗa mini.

Naka tun muna yara,
Malam Tizhe.