Muryar da Ba Ta San Ƙugiya Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Mun dawo Wurno daga asibitin ido na Sakkwato. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa tsare ragowar kawai yake yi. Na hagu ya mutu. Na dama kuwa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Na ce to.

Maigidana Mu'azu shi ya yi ta yi wa likita tambayoyi. A mota ya ce, "Sa'adiya, ki ce wani abu mana." Na ce yau akwai zafi.

Da alƙalami mai kauri nake wannan rubutu, haruffa manya-manya. Ba don in karanta ba. Hannu ne ya saba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je makaranta. Na tsaya gaban 'yan aji biyar da littafin labarin da aka sa musu na Hausa, na kai shi har bakin hancina, ban ga komai ba sai layuka suna narkewa. Na ce su yi karatu shiru, na zauna. Aji ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa samu ba ko lokacin da nake tsawa.

Shekara da shekaru 'yan matan nan suna kirana Malama Ƙugiya a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Saboda duk wadda ta rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ba ta sa mata ƙugiyarta ba, sai na zagaye wurin da jan biro har takarda ta huje. Yau ko a allo ba na bambanta k da ƙ. Abin ya kamata ya ba ni dariya ko kuka. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Shugabar makaranta, Hajiya Adama, ta kira ni ofis. Ta yi ta zagaye-zagaye kafin ta ce, "Malama, ba ni ƙaunar hwaɗa maki wagga magana. Sufeto na nan zuwa ƙarshen wata. In yag ga ba ki iya riƙon aji, amshe shi za a yi, a ce ki huta gida."

Na ce Allah ya kai mu. Ta ce ko ina da abin cewa? Na ce a'a. Na ji ta tana share hanci. Ni na ba ta haƙuri.

Asabar, 10 ga Mayu

Ban fita ba. Na ɗiga magani.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ƙanena Lukman ya zo daga Sakkwato. A laburaren wata kwaleji yake aiki, can inda na yi karatun digirina. Ya ce tsofaffin ɗalibai suna da damar shiga laburarensu na intanet, kuma littafin da nake koyarwa yana ciki. Ya karɓi wayata ya yi ta danne-danne.

Ya nuna mini yadda ake ƙara girman rubutu, layuka su sake jera kansu ba sai an ja shafi dama da hagu ba. Ya mai da allon baƙi, rubutun fari, ya ce ya fi sauƙi ga ido. Ya yi ta ƙarawa har kalma biyu suka cika allon. "Yaya, kin gani?" Na ce na gani. Na ga wani abu fari, shi ke nan.

Sai ya kama yatsana ya ɗora a kusurwar ƙasa. Ya ce nan ne maɓallin karantawa da murya. In na shafa dama ta wuce gaba, in na shafa hagu ta maimaita, in na taɓa da yatsa biyu ta yi shiru. Ya sauke littafin cikin wayar saboda sabis ɗinmu na Wurno mai zuwa da tafiya ne.

Muryar mace ce. Ya ce babu ta Hausa a cikin waɗanda suka sa, sai dai wannan ta Turanci ta yi ƙoƙari. Mu'azu ya saurara kaɗan ya ce, "Wagga wane yare taka yi?" Suka yi dariya su biyu.

Lukman yana ta murna da abinsa. Na yi masa godiya yadda ake yi.

Talata, 13 ga Mayu

Wayar tana kan taga. Ban taɓa ta ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

A makaranta na ce wata ta tashi ta karanta, sauran su bi. Wata yarinya Kyauta ta karanta. Ina jin na baya suna hirar lalle. A da da na kore su waje. Na bar su.

Na ba Malam Siddiq mai koyar da lissafi jajayen birona duka. Ya ce in riƙe ko guda. Na ce me zan yi da shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Mu'azu ya tafi Goronyo wajen albasarsa. Gidan shiru, zafi ya hana kwanciya. Na laluba wayar na taɓa kusurwar, don dai a samu motsi a ɗakin.

Ta fara. Kamar mai tauna tsakuwa. Kowace kalma sai ta ja inda ba a ja, ta datse inda ba a datsewa. Na bar ta tana yi ina tsinke zogale. Ta kai wani shafi ta ce wani abu da Turanci ta yi shiru. Na kira Lukman, ya ce shafin hoto ne aka ɗauka, ba rubutu ba, muryar ba ta ganin hoto. Ya ce in shafa dama ta wuce.

To ashe ita ma akwai abin da ba ta gani.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kai ziyara Rabah wajen Inna. Ta shafa fuskata ta ce, "Ɗiyata, mi kika ji?" Na ce ba na jin komai, Inna. Ta ɗauka ciwo nake nufi, ta ce alhamdu lillahi.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sake kunna ta da la'asar. Lukman ya koya mini rage mata sauri, sai ta koma kamar mai jin barci.

Babi na uku. Na san shi, na koyar da shi ba sau ɗaya ba. Akwai wurin da aka ce baƙi suka shigo, ƙura ta biyo su har cikin ɗaki. Matar nan ta ce, a hankali, ba ko kunya: "Baki suka shigo, kura ta biyo su har cikin daki."

Sai na ji bakina ya ce, "Ƙura!"

Da ƙarfi na faɗa. Har akuya ta razana a tsakar gida. Na shafa hagu ta maimaita, ta sake sa musu kura a ɗaki. Na ce ƙura, ke! Ta wuce abinta.

Na kashe ta. Ba wani abu ba ne. Sabo ne.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ta ce yaro ya fadi kasa. Ta ce an kama barawo. Ta ce mai gida ya sa bakar hula, wai baƙar hula ake nufi. Duk babin ba ta sa ƙugiya ko guda ba. Da ɗalibata ce da takardarta ta zama rariya.

Asabar, 24 ga Mayu

Mu'azu ya ce jiya ya ji ni ina faɗa a ɗaki, ya ɗauka wata ta shigo. Na ce da waya nake. Sai ya ce, "To ki ci gaba da hwaɗan. Tun da munka dawo asibiti ban ji muryarki haka ba."

Na ce ya miƙo mini maganin ɗigawa.

Litinin, 26 ga Mayu

Hajiya Adama ta ce sufeto Alhamis zai zo. Ta ba ni shawara in haddace shafi ɗaya, in riƙe littafin kamar ina karantawa, ba zai gane ba. Don ƙauna ta faɗa. Na ce zan duba. Sai duk muka ji nauyin kalmar duba ɗin.

Haddacewa ba wuya. Na iya babin tun kafin idon ya tafi. Amma ranar Juma'a fa, da Litinin ta sama?

Talata, 27 ga Mayu

An yi yayyafi, bai jiƙa ƙasa ba. Ban haddace komai ba. Ban shirya komai ba. Na dai ce Mu'azu ya sa mini wayar a caji, ya kuma aro mini 'yar sifikar nan ta shagon maƙwabcinmu. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban tambayi kaina ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ya zo. Malam Ƙasimu sunansa, ban ga fuskarsa ba, na dai ji ƙamshin turare da ƙarar kujera a bayan aji. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa, na gane ta da tarinta.

Na ajiye littafin a kan tebur, ban ɗaga shi ba. Na ce wa 'yan mata, kun san idona ya tafi, ba sai an ɓoye ba. Yau mun yi baƙuwa, ita za ta karanta mana. Ba ta san Hausa ba. Kowa ta buɗe babi na uku ta bi da ido. Duk inda baƙuwa ta yar da ƙugiya, ku buga benci.

Sai da na laluba kusurwar sau biyu.

Ta fara. Da farko dariya suka yi ta yi, na bar su suka gama. Sai ta ce, "Baki suka shigo." Benci biyu ko uku suka yi ƙara, a tsorace. Ta ce, "kura ta biyo su." Ajin gaba ɗaya ya buga lokaci guda. Na ji shi a ƙirjina.

Na taɓa da yatsa biyu ta yi shiru. Na ce wa zai gaya mini me ta yi? Kyauta ta ce, "Malama, ta sa masu kura cikin ɗaki!" Wata a baya, cikin masu hirar lalle, ta ce, "Mi sunka yi mata za ta halaka su?" Na ce ta tashi ta faɗi kalmar daidai, ta je allo ta rubuta, sauran su gaya mini ko ta sa ƙugiya. Suka ce ta sa amma ta karkace. Na ce ta goge ta sake.

Muka ci gaba. A wani wuri suka buga a kan kalmar kasuwa. Na ce tsaya, wa ya buga? Kasuwa ba ta da ƙugiya, kar ku ɗora wa baƙuwa laifin da ba ta yi ba. A wani wurin kuma ta ce dan'uwa, ba wadda ta motsa, sai bugu ɗaya daga can baya, mai nauyi, ba na hannun yarinya ba. Ajin ya fashe da dariya. Na ce wanda ya buga ya yi daidai, sauran ku ji kunya.

Ban ji ƙararrawa ba. Hajiya ce ta ce lokaci ya yi.

A ofis Malam Ƙasimu ya tambayi yadda zan duba aikin gida. Na ce ban sani ba tukuna. Wataƙila kowace ta karanta mini nata, 'yar'uwarta ta duba mata haruffa. Ya ce jarrabawa fa? Na ce ban sani ba. Ya yi rubutu mai tsawo, ina jin bironsa. Ya ce in riƙe ajin zuwa ƙarshen zango, zai dawo ya gani.

Hajiya ta rungume ni bayan ya fita. Na ce mata hijabina zai yamutse.

Juma'a, 30 ga Mayu

Zango ɗaya ne kawai. Idon yana nan yadda yake, na dama ma kamar kafar ta ƙara tsukewa. Ban ce wa kowa ba.

Lukman ya kira yana ta ihu, wai zai rubuta wa masu laburaren su nemo muryar Hausa. Na ce ya rubuta, amma kar ya yi gaggawa, wannan ɗin tana da aiki a wurina.

Asabar, 31 ga Mayu

Na aika wa Malam Siddiq ya maido mini jan biro guda. Na Kyauta ne, ita za ta fara zagaye wa 'yan'uwanta ranar Litinin. Ba nawa ba ne.

Da hantsi na zauna bakin gado ina sauraren babi na huɗu, don in san inda za ta yi ɓarna. Mu'azu yana tsakar gida yana ware albasa. Na ji ya tashi ya je zaure, ya dawo. Ya sake tashi ya je, ya dawo yana mita.

"Wai wa ka ta bugun ƙohwa tun ɗazu? Na leƙa ba kowa."

Sai lokacin na ji hannuna a kan katakon gadon. Ban gaya masa ba. Na shafa hagu ta maimaita.